Abin da labarin dalma ya tsallake

Na ji daɗin wani labari kan awon cibiyar ƙwayar zarrar dalma da aka yi a ɗakin bincike na Jefferson Lab, Amurka, inda aka auna siririyar fatar niyutoron da ke kewaye da cibiyar, sai dai bai faɗi dalilin da ya sa niyutoron suka fi furoton yawa a dalma ba. Furoton da niyutoron su ne ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi cibiyar: furoton na da cajin lantarki, niyutoron ba su da shi. Kabon yana zaune lafiya da furoton 6 da niyutoron 6. Dalmar da aka auna kuwa furoton 82 gare ta, duk cajinsu ɗaya, kowa na tunkuɗe kowa ko daga nesa. Ƙarfin da ke ɗaure su gajeren hannu gare shi, maƙwabci na kusa kaɗai yake kamawa. Dole sai da ƙarin niyutoron marasa caji kafin cibiyar ta zauna (126 ne a dalmar da aka auna), kuma rarar su ce ke turuwa waje ta zama siririyar fatar da aka bayyana awonta a 2021.

Mu a Zamfara dalma ta fuskar guba muka santa, tun da ta kashe mana yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Ina roƙon malaman Jami'ar Tarayya ta Gusau su riƙa kawo wa ɗalibai irin wannan da Hausa. Zinaren ƙauyen Bagega da ke Anka ma furoton 79 gare shi da niyutoron 118, furoton uku kacal ke tsakaninsa da dalma.