Wai da me na amince?

Jiya da dare ina tsaka da buga rahoto a kwamfuta, idona na kan takardar da nake kwafa, yatsuna na ta aiki. Ashe wani ɗan akwati ya faɗo tsakiyar allo ba ko sallama, ya ƙwace ragamar. Na kai ƙarshen sakin layi, na danna Enter kamar kullum. Shi ke nan, wai na amince! Sai gani na yi manhajar ta rufe kanta tana sabuntawa. Shafi uku sun bi ruwa.

Haba jama'a! Wanda ya tsara wannan abu bai taɓa rubutu kansa a sunkuye ba ne? Ya san sarai Enter na zaɓar maɓallin da aka riga aka haska, amma ya jefo min tambaya daidai lokacin da hannuna ke kai.

Kuma masu tsara manhajojin nan su suka lalata mu. Ka goge fayil: ka tabbata? Ka rufe taga: ka tabbata? Tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a 2018, kusan duk shafin intanet da ka buɗe sai ya tare ka da maganar kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a na'urarka, maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙi kuwa an cusa shi can ciki. Mutumin da aka yi wa tambaya hamsin a wuni, ta hamsin da ɗaya ba zai karanta ba. Ranar da ta zama mai muhimmanci sai a ce ai an tambaye ka. Ga hannu ya saba da OK a hagu a Windows, ka zauna gaban Mac ka tarar da shi a dama.

Akwatin da ya fi ƙona min rai shi ne mai ɓuya a bayan wata taga. Ka danna nan ƙarar ting, ka danna can ting, har ka ɗauka kwamfutar ta sandare. Da ƙyar ka tono shi, sai ka ga 0x80070005 da maɓalli ɗaya tal: OK. Ma'anar lambar fa kawai ba ka da izini. Faɗin hakan ne ya gagara?

Tunda akwai Ctrl+Z mai warware kuskure da kwandon shara mai ajiye abin da aka goge, a bar ni in yi kuskurena in gyara mana. Yanzu ga ni ina sake buga shafi ukun nan, duk layi biyu sai na ɗago kai na leƙa allo kamar mai gadi.