Ba kowane katun ba ne na yara

'Yan'uwana matasa, musamman ku yayye da ƙanne ke rataye muku a wuya suna roƙon waya, ina da magana da ku.

Kwanakin baya na je wajen mai turin finafinai aka loda min sabon katun ɗin Batman, wato Caped Crusader, wanda dandalin kallon finafinai na Prime Video ya saki ranar 1 ga Agusta, 2024, kashi goma. Ban ko buɗe ba na miƙa wa ƙanina ɗan shekara bakwai, don ya bar ni in huta. Ai katun ne. Da daddare sai ga yaro ya farka a firgice, ya ƙanƙame Umma, jikinsa na rawa, yana tambaya wai uwa tana iya kashe ɗanta? Da safe na zauna na kalli kashi na farko, kunya ta rufe ni. Penguin, abokin gābar Batman da muka sani namiji, a nan an mai da shi mace, shugabar 'yan daba, kuma ta sa an jefa ɗan cikinta a ruwa saboda zargin yana tona mata asiri. Abin da na ɗora wa yaro ke nan da hannuna.

Ba aibata aikin nake yi ba, don an yi gwaninta. Bruce Timm, wanda ya yi fice da katun ɗin Batman na 1992, shi ya jagorance shi, ya mayar da labarin shekarun 1940, zamanin da babu kwamfuta babu wayar hannu, birnin Gotham cike da 'yan sanda masu cin hanci. Harley Quinn, wata muguwa a labarin Batman, ita ma an sauya ta, ta zama likitar ƙwaƙwalwa mai azabtar da attajiran da ke zuwa wurinta neman magani. Amma ku lura da dalilin sauye-sauyen nan. Batman ya fito tun 1939, kuma yaran da suka taso da katun ɗin 1992 yau magidanta ne masu biyan kuɗin kallo. Su ake nema. Shi ya sa aka rubuta masa TV-14, ma'ana ba a so wanda bai kai shekara 14 ba ya kalla ba tare da babba ba. Wani katun kuwa mai suna Invincible, da ya fara a 2021, na manya ne zalla, jini ne malale.

Matsalarmu ita ce wannan gargaɗi ba ya iso mu. Mai turi suna kawai yake gani ya tura, Abba da Umma kuma da sun hango zane sai hankalinsu ya kwanta. Kai da ka san kan waya, kai ne kaɗai mai gadin ƙofar. Ko a Amurka, a 1954 sai da wani kwamitin majalisar dattawa ya yi zama kan illar littattafan labaran zane irin na Batman ga yara, balle mu da ake kawo mana su ba tambari.

Don Allah, kafin ka miƙa, ka kalli kashi ɗaya da kanka, ka duba shekarun da aka rubuta a intanet, minti biyu ne. In ka ga bai dace ba, ka ce a'a ko zai yi birgima a ƙasa. Ni dai na goge shi daga wayar da nake ba ƙanina, amma sai da ya yi kusan mako bai yarda an kashe fitila ba.