Faifan farko na The Who da bashin da ke kansa

Ranar 3 ga Disamba, 1965, kamfanin Brunswick ya fitar da My Generation, kundin waƙoƙi na farko na wasu samari huɗu 'yan Landan da ake kira The Who. Waƙoƙi 12 ne a ciki. Pete Townshend, mai kaɗa jita, shi kaɗai ya rubuta takwas, alhali shekarunsa 20 kacal. Uku kuwa aro ne daga baƙaƙen fatar Amurka: biyu na James Brown, ɗaya ta Bo Diddley. Masu son faifan da yawa kan tsallake waɗannan ukun, suna cewa su ne raunin aikin. Na yarda su ne mafi rauni, amma tsallake su kuskure ne, domin wanda bai saurare su ba ba zai gane inda sauran suka samo ƙarfinsu ba.

Sai an san waɗanda aka yi wa kiɗan tukuna. A farkon shekarun 1960 an sami wani rukunin matasa a Ingila da ake ce wa mod, yawancinsu 'ya'yan talakawa masu ƙananan ayyuka a ofis da kanti. Yaro zai kwashe albashinsa ya kai wa tela a ɗinka masa kwat irin ta Italiya, ya hau Vespa ko Lambretta da ya jera wa madubai da fitilu, ya rufa da ƙatuwar rigar sanyi ta sojan Amurka don kada ƙurar hanya ta ɓata masa kwalliya. Da dare kuma sai gidan rawa har asuba. Abin da suke rawa da shi faya-fayan Detroit ne da Chicago da Memphis, kiɗan da ake kira R&B. A 1964 jaridu sun cika da labarin faɗace-faɗacensu da masu manyan babura a Clacton da Margate da Brighton, amma abin da ya haɗa kansu tun asali kunne ne da ado.

The Who daga cikin wannan taro suka sami masu sauraro. Lokacin da suke wasa kowace Talata a kulob ɗin Marquee, takardar tallarsu alkawarin R&B tsantsa ta ɗauka. Saboda haka da suka shiga ɗakin naɗar sauti na IBC tare da furodusa Shel Talmy a watan Afrilu na 1965, waƙoƙin aro ne suka fi yawa a abin da suka naɗa. Daga baya aka ajiye mafi yawansu, aka koma a watan Oktoba da sababbin rubutun Townshend.

Ka saurari yadda Roger Daltrey, mawaƙin The Who, ya rera Please, Please, Please. James Brown ya fitar da ita a 1956, kuma a bakinsa roƙo ne na mutumin da ya taso cikin waƙar coci a kudancin Amurka, muryar tana karyewa kamar zai faɗi a gwiwa. Daltrey, tsohon lebura a masana'antar ƙarfe, ya yi iya ƙoƙarinsa, yana kumbura maƙogwaro, amma kana ji ka san rigar aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ina girmama wannan gazawa, don ta almajiri ce mai ƙaunar malaminsa da gaske.

To, sai ka juya ga waƙar da aka sa wa faifan sunanta. Ginin iri ɗaya ne da na Amurkawan: mai waƙa ya jefa, 'yan amshi su karɓa. Sai dai komai ya sauya hali. Daltrey yana i'ina da gangan, kamar yaron da haushi ya shaƙe wa wuya a gaban manya. John Entwistle ya fito da jitarsa mai kaurin murya gaba, ta yi magana ita kaɗai, abin da ba a saba ji ba a lokacin. Keith Moon, ɗan shekara 19, ya ƙi tsayawa a baya yana riƙe kari, yana dukan ganguna kamar zai farfasa su. Ƙarshen waƙar hayaniya ce zalla, lasifika na kuka. Babu wanda zai ce wannan James Brown ne. Wannan Shepherd's Bush ce, unguwar su Daltrey a yammacin Landan, da yaranta, kuma ta kai matsayi na 2 a jerin waƙoƙin Birtaniya, kundin ya kai na 5.

Akwai masu cewa duk abin sata ce, turawa sun kwashe kiɗan baƙaƙe sun ci riba. Maganar tana da tushe, domin mawaƙan Ingila da dama sun yi arzikin da malamansu ba su taɓa gani ba. Amma a wannan faifai an rubuta sunayen masu waƙoƙin, kuma matasan mod da kansu suka riƙa farautar faya-fayan asali a shagunan Landan, a zamanin da wariyar launin fata ke hana waɗannan mawaƙa shiga wasu otal-otal a ƙasarsu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mantuwa, wato a yau a yabi faifan a matsayin kakan kiɗan punk, wani kiɗa mai zafi da hayaniya da ya ɓullo daga baya, a bar Chicago a baya kamar ba ta da hannu.

Mantuwar ma da wuri ta fara. Da kamfanin Decca ya fitar da kundin a Amurka a watan Afrilu na 1966, ya canja masa suna da hoton bango, ya cire I'm a Man ta Bo Diddley, ya sa wata waƙar Townshend a gurbinta. Matashin Chicago da ya sayi faifan bai ji yadda yaran Landan suka kaɗa waƙar da aka naɗa a garinsu a 1955 ba.