Ranar da Rufin Ɗakina Ya Kai wa Alhaji Ziyara

Ranar da na ce wa mai walda ina son rufin ɗaki mai tafiya a kan taya, sai ya ɗage tabaransa ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Yallaɓai, get kake nufi?" Na ce rufi nake nufi, amma ya riƙa tafiya kamar get. Ya ce to ina za shi? Na ce gefe kawai zai matsa in ga sama. Ya yi shiru, can ya ce, "Ai ko tsakar gida ka fito za ka ga saman, kuma kyauta."

Ya fi ni gaskiya, sai dai bai taɓa ɗaukar madubin hangen taurarina ba. Na hannu na saya, faɗin madubinsa inci 8, kuma shi da ƙafafunsa sun kusa nauyin buhun siminti. Kullum in fito da shi bayan isha'i in mai da shi kafin asuba, har bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ga wahalar saiti: duk fitowa sai na daidaita shi da tauraron arewa, wanda a nan Kano bai ɗaga daga ƙasa ba sai da digiri 12 kacal, wato daidai bayan tankin ruwan Alhaji maƙwabcina. Shi ya sa na gina masa ɗaki a bayan gida, mita biyu da rabi kowane gefe, bulo zuwa ƙirji, da ginshiƙin siminti a tsakiya wanda ba ya taɓa daɓen ɗakin, don kada takun ƙafata ya girgiza abin da nake kallo.

Mutanen unguwa suka ce akurki ne. Da aka ga babu kaji, aka ce maganin wani abu nake haɗawa. Da azumi ya matso kuwa, sai ga dattawa da sallama: "Malam, an gan shi?" In ce musu su saurari sanarwar Sarkin Musulmi, su tafi suna cewa rowa nake yi.

Daren farko dai ba zan manta da shi ba. Na ga Mushtari da watanninsa huɗu a jere kamar an zare carbi, waɗanda Galileo ya gani tun 1610, na ga Zuhal da zobensa. Uwargida ta leƙa ta ce, "Baban yara, rantse ba kai ka manna hoton a ciki ba." Na kwanta ina jin babu kamar ni a Kano da kewaye.

Sai hunturu ya iso. Tsakanin rufi da bango akwai tazarar yatsa uku, don tayoyin su sami wurin juyawa, kuma ta nan hazo ya riƙa shiga yana kwana. Cikin mako biyu madubin ya yi fari fat kamar ƙafar yaron da bai shafa mai ba. Ɗiyata, don ta faranta mini, ta ɗauko tsumman goge tebur. Allah Ya sa na shigo kafin ta kai hannu, domin fuskar madubin nan shafen alminiyam ne siriri ƙwarai, ƙurar hunturu kuma gugar yashi take yi masa. Wankinsa sai da ruwan batir da auduga, a hankali kamar wankan jariri. Ranar na yi ihun da ban taɓa yi ba, har yanzu in ta gan ni da tsumma sai ta ce, "Baba, a hankali."

Na sayo tsohuwar tayar mota aka yanka mini falle-falle, na toshe tazarar ruf. Ƙura ta daina shiga, iska ma ta daina. Da bazara ta kama, watan Afrilu, rana ta wuni tana dukan kwano, ɗakin ya koma tanderun gurasa. Da dare in na buɗe, zafin da bulo da ƙarfe suka sha sai ya riƙa tashi ta gaban madubin, taurari su yi ta rawa kamar ana kallonsu ta saman tukunyar tuwo. Na shafa wa kwanon farin fenti, na huda tagogi biyu na sa raga. Zafi ya ragu. Zanzaro kuma ya gano ramin da ragar ba ta rufe ba, ya shiga ya gina gidansa na laka a cikin bututun madubin. Kwana uku ina zaton na gano sabon abu kusa da Zara matar wata.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Gara ta hau katakon da ke riƙe da dogon ƙarfen da rufin ke bi, ta cinye cikinsa ta bar mini fenti a tsaye. Kafinta ya ce baƙin mai ne maganinta. Na shafa, gara ta gudu, ni kuma na yi wata guda ina kallon taurari cikin warin garejin bakanike, uwargida tana tambayar ko na canja sana'a ne.

Duk wannan wasa ne a kan abin da damina ta yi. Wata la'asar sakaliya a watan Yuni hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, da iskar nan mai zuwa kafin ruwa tana kwasar leda da shanya. Ina tsaye a baranda ina alfahari da kusoshina masu roba, waɗanda aka ce ba sa yoyo. Abin da ban taɓa tunawa ba shi ne, rufin da aka ɗora a kan taya babu abin da ya riƙe shi sai nauyinsa. Ban sa masa ƙugiya ba, ban kuma sa abin tsayarwa a ƙarshen dogon ba. Sai na ga ya motsa. A hankali ya fara, kamar mai jin kunya, sannan ya ɗauki gudu, ya kai ƙarshen dogo, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, ya haye katanga. Na ji ƙara, na ji kukan awaki, na ji salatin mata.

Na cire babbar rigata na lulluɓe madubin, na ƙara da labulen falo da ledar shimfiɗar yara, na kwanta a kai ruwa yana dukana. Da aka ɗauke na nufi gidan Alhaji ina ɗiga. Na tarar rufina ya sauka daidai kan turken awakinsa, su kuwa suna ƙarƙashi a bushe suna tuƙa. Alhaji ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Shekara biyu ina cewa zan yi musu rumfa." Sai da na haɗa da goro da ban haƙuri kafin samari shida suka ɗauko mini shi.

Daga nan na ɗau fushi. Na dawo da mai walda, wanda ya shigo yana danne dariya, ya sa ƙugiya huɗu, sarƙa biyu, da kwaɗo a kowace kusurwa. Na liƙe duk wata kafa da manne mai kwalta. Ruwa bai ƙara shiga ba, amma laima ta kwanta a ciki, har funfuna ta fara yi wa gilashin leƙawa zane kamar saƙar gizo. Na bi shagunan takalma ina roƙon 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a cikin kwali, wani mai shago ya ja ni gefe ya ce in ji tsoron Allah, ba a shan su. Gyaran gangar Auzinawa dai, amma a ƙarshe ɗakin ya zama kamar asusun banki, ko iska sai ta nemi izini.

Duk wannan shiri saboda dare ɗaya nake yinsa: Lahadi, 7 ga Satumba 2025, ranar husufin wata. Na san wata zai fito da magariba yana cikin inuwar duniya gaba ɗaya, kuma kafin ƙarfe takwas zai fara fita. Na gayyaci Alhaji, na gayyaci mai walda don ya ga amfanin aikinsa, uwargida ta dafa shayi. Allah Ya taimake ni gabas ta washe.

Kwaɗo uku suka buɗe. Na huɗu, wanda ke kusurwar gabas inda ruwa ya fi duka, ya yi tsatsa ya kafe. Na zuba man ja, na zuba kananzir, na murɗa da ƙarfi, makullin ya karye a ciki. Na juya wurin mai walda. Ya ce injin yankansa yana shago, kuma ko ya ɗauko babu wuta. "Ai yallaɓai kai ka ce in yi shi yadda ko aljani ba zai buɗe ba."

Ina durƙushe da tocila a baki ina dukan kwaɗo da guduma, sai na ji yaran unguwa sun fara buga gwangwani suna cewa rana ta saki wata. Uwargida ta kira ni daga tsakar gida. Na fito na same su a kan tabarma, ita da yara da Alhaji da kofunan shayi, kowa ya ɗaga kai. Ga wata can saman katanga, ja kamar garwashin da ya fara mutuwa. Mai walda ya matsa mini wuri a gefensa, ya miƙo mini kofi, bai ce komai ba, amma kafaɗunsa suna rawa.