Durowar da ta riƙe kuɗin ragon suna

Sana'ata sayar da caja da gilashin waya a kasuwar wayoyi ta Ikeja. Kafintanci kuwa sha'awa ce ta ranar Lahadi, a YouTube na tsince ta, kuma in ka tambayi uwargida za ta ce maka cuta ce. Ina da zarto, guduma, kurfi, tef da sikwaya, duk a cikin tsohon buhun shinkafa. Kafin abin da zan ba ku labari na riga na yi benci, na yi wurin jera takalma, na yi wa yara ɗan teburin karatu. Teburin yana ɗan rawa, amma simintin ɗakinmu na Agege ne ba daidai ba, kowa ya zo ya gani.

Da cikin uwargida ya bayyana, aka tsayar cewa mahaifiyarta za ta taho daga Kano ta yi mata wankan jego, sai na ce lokaci ya yi da zan yi babban aiki: durowa mai hawa 3, ta kayan jariri. Uwargida ta ce ga na roba nan a kasuwa, masu furanni, da araha. Na ce jikar Hajiya ba za ta fara rayuwa a roba ba.

Duk wanda ya taɓa bi ta kan gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, ya san wurin da na nufa. A lokacin, wajen Ebute Metta in ka leƙa ƙasa za ka ga gungumen itatuwa jere a kan ruwa, an ɗaure su da juna, hayaƙin ƙaiƙayin katako yana tashi daga bakin gaɓa. Oko Baba ke nan. Ta ruwa ake janyo gungumen daga dazukan su Ondo, su kwanta a cikin tafki har layin yanka ya zo kansu. Gwamnatin jiha ta daɗe tana maganar kwashe masu injinan zuwa Agbowa, amma lokacin da na je ana ta yanka, ba ka jin maganar na kusa da kai. Ma'ana dai katakon da za ka saya a wurin ya sha ruwa ya ƙoshi. In ka dafa shi sanyi za ka ji a tafin hannunka.

Mai katakon ya ce da ni, "Malla, mahogani ne wannan." Na nuna wani, ya ce shi ma mahogani. Da na nuna ƙofar shagonsa ma ina jin haka zai ce. Iroko, wanda muke kira loko, shi ne sarki, gara ba ta cika kusantarsa ba, amma kuɗinsa da nauyinsa duk sun fi ƙarfina. Na tsaya a kan afara, fari, mara nauyi, mai daɗin yanka. Allon da ake kira mai faɗin inci 12 na sa masa tef na ga 11 da ɗan ɗigo. Na yi magana, ya ce injin ne ya ci sauran, in je in tambayi injin. Tsawonsu ƙafa 12, na sa aka raba su biyu aka goge, na haɗa da falankin filawud na baya. A Oyingbo kwandastan danfo, bas ɗin haya ta Legas, ya dubi kayan ya ce su ma fasinjoji ne, na biya musu kujera biyu, kuma su suka samu gefen taga.

Ga inda nake so a shaide ni. Jahilin kafinta shi ne zai kama ɗanyen katako ya buga masa ƙusa a ranar, bayan wata biyu ya bushe ya murɗe. Ni na san wannan. Na jera allunan a ƙarƙashin gado, na sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, na bar su tun daga Nuwamba. Akwatunan uwargida suka koma bayan ƙofa, kuma ban rasa jin labarin hakan ba kowace safiya. Hunturun Legas ɗan leƙe ne, ba ya fasa leɓe yadda na Kano yake yi, amma ya isa. Ƙarshen Janairu in ka ƙwanƙwasa allo sai ya amsa da ƙarar busasshen abu. A nan na fara aiki.

Kuma na yi aiki. Kowace durowa na goge gefenta da samfefa har ta shiga gidanta cif, ko reza ba za ta ratsa tsakani ba. In ka tura ta sai ka ji iska ta fito ta gefe, fuuu. Na ɗauki bidiyon wannan fuuu ɗin na tura zauren WhatsApp na dangi. Falankin baya kuma na shafe shi da gam ɗin Top Bond, na bi shi da ƙusa mai inci 3, tazarar yatsa biyu-biyu, don kada wani ya ce aikin ɗan koyo ne. Na shafa banish a waje yana ƙyalli. Ciki na bar shi haka, wa zai leƙa ciki?

Hajiya ta iso ƙarshen Mayu da buhun gero, kanwa, daddawa da kuka. Ita har yau Ikko take cewa, ba Legas ba. Tsakanina da ita akwai kunya irin ta gida: in na durƙusa na gaishe ta ƙasa nake kallo, ita kuma ba ta kama sunana, ba ta ma yi mini magana kai tsaye, sai dai ta bi ta kan 'yarta ko da ina tsugune a gabanta. Ta shafa durowar ta ce, "Ashe maigidan naki yana da hannu." Wannan kalma ta riƙe ni mako guda.

Aka haihu cikin Yuni, mace. Wanda bai zauna Legas ba bai san Yuni ba. Ruwan da ke sauka a nan a shekara ya kusa ninka na Kano, kuma Yuni ne ganiyarsa. Takalmin da ka ajiye a lungu sai ya yi furfura, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya koma ruwa a cikin roba. Gidanmu irin na haya ne mai ɗakuna suna kallon juna, ba wurin shanya sai tsakar gida, tsakar gida kuwa ta zama kududdufi. Saboda haka aka ɗaura igiya a cikin ɗaki, aka shanya kayan jariri, suna ɗiga a kan durowata. Safe da yamma kuma Hajiya tana shigo da ruwan wanka yana tafasa da ganyen darbejiya, tururi ya cika ɗakin har madubi ya rufe. Ina so a rubuta wannan a ajiye, don in an zo rabon laifi a san inda za a fara.

Na karɓi adashina na kasuwa, kuɗin rago ke nan, na miƙa wa uwargida, ita kuma ta ba Hajiya ajiya. Hajiya ta ƙulle su a gefen ɗankwali tare da 'yan kunnen jaririya da ƙullin goronta, ta sa a durowar ƙasa, ta tura. Uwargida ta ce ta ji lokacin da aka tura ɗin, sai da Hajiya ta sa gwiwa.

Ana gobe suna, bayan sallar asuba, na shirya zan tafi Oko-Oba wajen masu raguna. Na tsuguna na kama hannun durowa na ja. Shiru. Na sake ja. Na zauna a ƙasa na tokare ƙafafuna biyu a jikinta na ja da ƙarfin da Allah ya ba ni, sai ga ni kwance a bakin gado da hannun durowa a hannuna, sukurorinsa biyu suna reto. Durowar ko gezau.

Hajiya tana kan darduma da carbi. Ba ta juyo ba. Ta ce da 'yarta, "Ki tambayi maigidan naki ko akwai makulli."

Na ce da uwargida, "Ki gaya wa Hajiya ba makulli, danshi ne ya ɗan kama ta. Katako yana shan ruwan iska ya kumbura, in iska ta bushe zai saki."

"Ki tambaye shi yaushe iskar za ta bushe."

Ni mutum ne mai gaskiya. Na ce, "Wajen Disamba."

Carbin ya tsaya. Ta ce, "To ki gaya masa a ɗaga sunan zuwa Disamba. Yarinya ta yi haƙuri, ta yi wata shida ana ce mata ke."

Kafin ƙarfe 8 duk gidan ya taru a ƙofar ɗakinmu. Iya mai sayar da burodi ta ɗakin farko ta zo da manja a murfin kwalba, ta ce a ɗiga a gefe. Aka ɗiga, durowa ta yi jan baki, ba ta motsa ba. Wani ɗan Zariya mai gyaran babur ya zura sukudireba ya banƙara, ya ɓalle mini leɓen katako, ya ce ai ya kusa. Mai shayin bakin layi ya ce a kanga ta kusa da wuta. Wannan shawara tana da kai, don zafi yana korar danshi, sai dai wutar lantarki ta tafi tun daren jiya, garwashi kuma ba mai yarda a kai shi kusa da kuɗin rago. Ladanin masallacinmu ya leƙo ya ce a yi bisimilla a ja gaba ɗaya. Muka yi bisimilla, sai muka tuna babu abin kamawa. Baba mai gida ya tsaya a baya da ɗaurin ƙirji, abin da ya dame shi kawai kada a fasa masa siminti.

Daga ƙarshe Iya ta aika a kira wani tsohon kafinta na bayan layi, Bayarabe ne da ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausarsa ta fi ta yarana. Ya zo da jakarsa, bai ko taɓa gaban durowar ba. Ya ce a juya masa ita. "Abu mai sauƙi ne, Malam. Bayan nan 'yan ƙananan ƙusoshi ne, in ɓalle shi, in turo ta daga ciki, shi ke nan."

Aka juya. Ya duba. Ya ciro tabarau ya sa ya sake dubawa. Ya bi layin ƙusoshina da yatsa yana ƙirgawa a ransa, ya ƙwaƙuli busasshen gam da farce.

"Wa ya yi wannan?"

Yarana suka nuna ni, har da mai tsalle.

"Malam, kayan jariri za a sa, ko fursuna?"

Na yi masa bayanin cewa inganci nake nema. Ya ce ya gani. Ya huda filawud ɗin, ya zura siririn zarto ya yanke taga daidai bayan durowar ƙasa, ya ce a ba shi taɓarya. Taɓaryar Hajiya ce ta dakan yaji, daga Kano ta zo da ita. Ya saita, ya ce kowa ya kauce daga gaba, ya daka sau ɗaya. Durowa ta yi ƙara, ta fito rabi. Ya ƙara, ta fice gaba ɗaya ta bi siminti ta tsaya a gaban dardumar Hajiya. Ta kwance ɗankwali, ta ƙirga kuɗin a gaban jama'a, ta ɓare goro ta jefa a baki, sannan ta ce da 'yarta, "Ki ce masa ya yi sauri, rana ta yi."

Tsohon bai bar ni na tafi ba sai da ya yi mini karatu. Ya ɗaga durowar ya nuna mini inda gefenta ya goge har ya yi sheƙi. Ya ce katako ba ya ƙara tsawo, faɗi yake ƙarawa, kuma allo mai faɗin tafin hannu biyu zai iya ƙara milimita 2 ko 3 tsakanin hunturu da damina. Ya ce wanda ya haɗa durowa a Janairu dole ya bar mata wurin da kwabo zai shige, wanda ya haɗa a Yuni shi ne zai matse, don daga nan sai dai ta rame. Ya ce banish ciki da waje ake shafawa, in ba haka ba ka rufe ƙofa ka bar taga. Sannan ya kankare gefen biyu, ya goga musu kyandir, ya mayar. Ta shige da yatsa ɗaya, ba fuuu, ba komai, tana ɗan girgiza a gidanta. Ni dai a idona aikin ya ragu.

In aka bi maganarsa da kyau ma ai ni ta wanke. Da ban busar da katakon ba, da bai sami wurin kumbura ba. Da ban iya awo ba, da an sami giɓi. Ƙwarewa ce ta yi yawa, sai tururin darbejiya. Na faɗa wa uwargida haka a daren, ta ce in rage murya kada Hajiya ta ji ta fasa yafe mini.

Ya nemi ya kankare sauran biyun, na ce a'a. Kuɗin da ya caje ni na ƙasan kaɗai ya kusa sayen ta robar nan mai furanni, kuma ina so a bar wani abu na asalin aikina. Ta tsakiya daga baya ta saki da kanta. Ta sama kuwa tana da tsarinta: tana rufewa wajen Mayu, ta ɗan sassauta in ruwa ya ɗauke a Agusta, ta sake kamewa a Satumba, ta buɗe sosai in hunturu ya shigo. Mun san abin da muke sa mata, rigunan sanyin yara.

Rago ya samu, an raɗa suna, Hajiya ta cika arba'in ta koma. Sai dai labari ya riga ta isa Kano, kuma a bakinta taɓaryar ta zama ita ce jarumar. Makon jiya ƙanin uwargida ya kira ni, zai taho sarin kaya. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, don Allah ɗan ja durowar sama ka gani. In ta ƙi, in taho da lema."

Na ce masa ni ba ma'aikacin hasashen yanayi ba ne, na kashe waya. Da uwargida ta fita ɗebo ruwa na je na ja, sannan na tura masa saƙo cewa ya haɗa har da takalmin roba.