A Zana Kibiya Kafin a Taɓa Kalkuleta

Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare, kuma na gamsu cewa abin da ke kayar da ɗalibanmu a lissafin ƙarfin ja ko turi da ke tsakanin cajin lantarki uku ko huɗu, gaggawar da mu malamai muke yi ce. Dokar da Bafaranshen nan Charles Coulomb ya fitar a 1785 tana magana ne a kan caji biyu kacal: a ninka su, a ninka da 9 × 10⁹, sannan a raba da nisan da ke tsakaninsu bayan an ninka shi da kansa. Yaro kan haddace wannan cikin mako guda, amma da zarar caji na uku ya shigo, sai ya riƙa tara amsoshi kamar mai ƙirga kuɗin cefane.

Kwanan baya na ba su caji mai maikrokulom 2 (maikrokulom ma'aunin caji ne), na ajiye wani mai 3 a gabashinsa, da wani mai 4 a arewacinsa, kowanne a nisan santimita 30, dukkansu masu alamar tarawa, na ce su nemo jimillar ƙarfin da ke kan mai 2 ɗin. Wata ɗaliba mai ƙoƙari ta mayar da santimita mita, ta samo nyuton (ma'aunin ƙarfi) 0.6 da 0.8 daidai, sai ta rubuta 1.4 ta ja masa layi biyu. Na tausaya mata ƙwarai, domin babu wanda ya taɓa nuna mata cewa caji masu alama iri ɗaya ture juna suke yi: na gabas yana tura mai 2 ɗin yamma ne, na arewa kuma yana tura shi kudu, saboda haka ƙa'idar Pythagoras, ta lissafin alwatika mai kusurwar digiri 90, ce za ta raba gardama, amsar kuwa nyuton 1 ce, tana fuskantar tsakanin kudu da yamma. Da mai maikrokulom 4 ɗin a yamma yake, da saura 0.2 ne kawai zuwa gabas. Amsarta za ta zama daidai ne idan yana yamma kuma alamarsa ta ɗebewa ce, domin a lokacin ja zai yi.

Malamai 'yan'uwana, ina roƙon mu daina barin yara suna cusa alamar ɗebewa cikin fomula suna jiran ta faɗa musu alkibla. A lissafa girman kowane ƙarfi shi kaɗai, zane ya nuna ja ne ko turi, sannan a haɗa. Tun daga ranar nan, duk takardar da babu kibiya mai nuna alkiblar ƙarfi a kan cajin da ake tambaya, mayar wa mai ita nake yi ya zana kafin in duba lissafinsa.