Zoben ƙafar tsuntsu ba na'urar bin sawu ba ne

Mutane da yawa in sun ga hoton tsuntsun bakin teku da zobe a ƙafa sai su ce ai masu bincike suna kallonsa ne a kwamfuta duk inda ya je. A'a wallahi ba haka ba ne. Zoben nan ɗan ƙarfe ne mara nauyi, ba batir ba komai, lamba ce kawai a jiki da adireshin waɗanda suka sa shi, kuma ba a sanin inda tsuntsun ya bi sai an sake kama shi ko an tsinci gawarsa an karanta lambar. Shi yasa ake ƙara masa 'yar tutar roba mai launi da ake iya karantawa da madubin hangen nesa.

Akwai wani tsuntsu mai tuta mai lamba B95 da aka fara sa wa zobe a Ajantina a 1995, shi kuma duk shekara sai ya tafi can arewacin Kanada don hayayyafa ya dawo, an yi ta ganinsa har 2014, abin ban mamaki ga tsuntsun da bai fi cikin tafin hannu ba. Na'urar bin sawu ta tauraron ɗan adam daban take, a bayansa ake ɗaura ta, kuma tana da tsada sosai.